Dillalin Da Ke Ɓoye La'adarsa

Sanin kowa ne cewa talla ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai dillalai a Kasuwar Kurmi, akwai dillaliya mai shiga gidajen kulle da zannuwa da tasoshi, akwai kuma sanƙira mai shela. Abin da ya haɗa su duka shi ne mai saye ya san su, ya san gidajensu, ya kuma san la'ada suke nema, don haka in kaya suka fito da algus an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da jaridu da gidajen rediyo suka zo, sai aka keɓe wa talla filinta, a yi mata shinge a shafi ko a buga mata kiɗa a iska, yadda ko yaro zai gane labari ya ƙare, ciniki ya soma.

Yau wannan shinge ya faɗi. Babban rabon talla ya koma cikin wayar hannu, a Facebook da TikTok da Instagram da WhatsApp, inda mai kaya zai zaɓi garin da yake so a ga tallarsa, da shekarun masu kallo, da ko maza ne ko mata, ya biya kuɗi kaɗan a kai masa saƙo har cikin ɗaki. Wannan ci gaba ne, kuma matan aure da yawa masu sayar da turaren wuta ko atamfa daga gida sun samu abin rufin asiri ta wannan hanya. Ba da su ake magana ba.

Maganar tana kan sabon dillali, wato tauraron fim ko mawaƙi ko mai barkwanci wanda ya tara ɗimbin mabiya, aka biya shi ya yabi kaya, shi kuwa ya fito kamar shawara yake bayarwa tsakani da Allah. Sau da yawa akan ba shi wata lamba ta musamman, duk wanda ya saya ko ya yi rajista da ita, nasa kason na shiga aljihunsa. Mai kallo bai san da wannan yarjejeniya ba. Yana ganin fuskar da ya saba da ita, sai ya saki jiki ya sayi kifi a ruwa.

Ɓarnar ta fi muni a wurare biyu. Na farko shi ne magani. Masu motocin lasifika da suka daɗe suna damun kasuwanni da kalaman batsa sun sami sabon dandali, inda ƙulli guda ke maganin basir da ciwon suga da rashin haihuwa gaba ɗaya. Wasu har sukan ɗaga kwalba su nuna lambar hukumar NAFDAC, alhali lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya tana nufin an gwada ba su da cutarwa ne, ba ta nufin an tabbatar suna warkarwa. Mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda romon bakin wani tauraro, da ransa yake caca.

Na biyu shi ne kuɗi. A watan Disamba na 2016 shirin MMM ya rufe da dukiyar jama'a. Aka zaci an yi hankali, sai ga CBEX ta durƙushe a watan Afrilu na 2025 ta bar mutane da hannu a ka. Dabarar ɗaya ce tun fil azal: a biya na farko da kuɗin na baya, ranar da sababbin shiga suka ragu asiri ya tonu. Irin wannan shiri ba ya rayuwa sai da masu kururuta shi, kuma galibi ma'aikacin da albashi bai kai shi ƙarshen wata ba da ɗalibin da aka damƙa wa kuɗin makaranta su ne abincinsa.

Ba za a ce babu doka ba. Tun 1988 dokar soja mai lamba 55 ta kafa hukumar APCON, a 2022 kuma aka sauya ta da ARCON mai ƙarin iko, wadda dokarta ta wajabta a tantance duk tallar da ake nufin 'yan Nijeriya da ita kafin a sake ta, har da ta intanet. A shekarar ce hukumar ta hana sa baƙin fuskoki da muryoyi a tallace-tallacen ƙasar nan daga ranar 1 ga Oktoba, ta kuma kai kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja tana neman Naira biliyan 30. Haka nan dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da shirin damfara irin na MMM.

To, amma doka a takarda daban, doka a Sabon Gari daban. Kamfanonin lemo da na waya, masu lauyoyi da ofisoshi a Legas, su ne suka fi bin layin tantancewa. Mai maganin da ke magana da Hausa cikin bidiyon minti ɗaya, yana zuba habaici da zaurance, ba wanda zai kama shi sai mai jin harshen ciki da bai. Ya kamata ARCON da NAFDAC su ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa, su buɗe hanyar kai ƙara mai sauƙi, su kuma sassauta kuɗin tantancewa ga ƙananan masu sana'a, domin in aka tsawwala kowa zai bi ta bayan gida. Mafi sauƙin gyara kuwa shi ne a tilasta wa duk wanda aka biya ya faɗa da bakinsa, da Hausa, tun farkon bidiyo, cewa wannan talla ce. Dillalin kirki bai taɓa jin kunyar la'adarsa ba.

Akwai kuma gyara a gida. Jami'an hulɗa da jama'a na ma'aikatu, waɗanda sana'arsu ke da ƙungiya tun 1963 da kuma dokar da ta tsare ta tun 1990, an kafa kujerunsu ne don su bayyana wa talaka abin da gwamnati ke yi, su kuma kai kukansa sama. Abin takaici, a wurare da dama aikin ya koma hannun sojojin baka, samarin da ake ba kuɗin data su yi ta yabon mai gida suna zagin duk wanda ya yi tambaya. Hoton aza harsashin asibiti yakan zagaya duniya cikin sa'a guda, amma wanda ya nemi sanin nawa aka kashe sai ya ji shiru, ko da yake dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomin da ta shafa kwana 7 su amsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a zamanin da mutanen ƙauyen da aka ce an gina wa asibitin suke riƙe da waya mai ɗaukar hoto.

Saboda haka wannan jarida na kira ga Shugaban Ma'aikata da Ma'aikatar Yaɗa Labarai su fitar da takardar umurni ga dukan ma'aikatu, cewa duk kuɗin da aka kashe wajen tallata aikin gwamnati a intanet a shigar da shi littafi da sunan wanda ya karɓa, kuma saƙon da aka biya ya fita ɗauke da sunan ma'aikatar da ta biya. Sassan koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, inda ake yaye yawancin waɗanda za su hau waɗannan kujeru, su ma ya dace su sa dokar talla ta 2022 cikin abin da ɗalibi zai ci jarrabawarsa kafin a ba shi takardar shaida.