Wa Ke Riƙe da Makullin Injin Ban-Ruwanmu?

Ranar da injin ban-ruwan Kawu ya tsaya, tumatirinsa na cikin fure. Ƙarshen Janairu ne, ina shagona a Kwanar Ɗangora ina fama da wata inbata da ta ƙone. Ya kira ni, ko doguwar gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Injiniya, akwatin nan naka ya yi yaji."

Idan Kawu ya ce mini Injiniya, to ransa a ɓace yake. Ranar da muke shiri "ɗana" yake cewa.

"Kawu, rana ta buɗe sosai kuwa?"

"Rana ga ta nan kamar ta gasa mutum. Ruwa ga shi a rijiya. Abinka ne ya ƙi."

Gonar tana ƙasar Bebeji, ba nisa da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Sai dai ruwan kanal bai biyo ta wajensa ba, rijiya ya haƙa. Da injin fetur yake ban-ruwa, har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ya sayar da sa guda, ya sayi farantan sola da sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya. Matsalar sumo ita ce idan ruwan rijiya ya ja baya ya ci gaba da juyawa a bushe, ƙonewa yake yi. Shi ne na haɗa masa ɗan akwati mai lura da ruwa: in ya yi ƙasa ya kashe injin, ya jira rijiya ta kawo, ya sake tayar da shi.

A cikin akwatin akwai aisi guda, ATmega328P, irin wanda ke kan allon Arduino da ɗalibai ke koyo da shi. Aisin shi kaɗai bai san komai ba. Sai an rubuta masa umarni an ɗura masa, ya zauna a cikinsa ko da an ɗauke wuta. Wannan ce manhajar ciki, ita ce masu gyaran waya a Farm Centre suke sauyawa idan sun ce za su yi wa waya filashin. Tana cikin mitar wuta, tana cikin inbata, tana cikin fitilun sola na bakin titi, tana cikin injinan zamani da ke tace shinkafa a Tudun Wada. Ba a ganinta, ba a tunawa da ita, sai ranar da ta yi gardama.

Wurin da ake rubuta ta kuwa ƙunci ne da shi. Wancan aisin kilobayit 32 ne ɗakin ajiyarsa, na tunanin da yake aiki da shi kilobayit 2 kacal. Hoto ɗaya da ake turawa a WhatsApp ya fi ƙarfinsa. Ba shi da fuskar da zai nuna maka inda ya yi tuntuɓe. Ƙaramar fitila nake sa wa, in ce idan ka iso layi kaza ka ƙifta sau uku, sannan in zauna ina ƙirga ƙiftawa kamar mai duban wata.

Kwana biyu na yi kafin in gano abin da ya faru, kuma laifina ne. Aisin yana da agogon da ke ƙirga lokaci tun daga sa'ar da aka kunna shi, kashi dubu a kowace daƙiƙa. Ma'ajin ƙirgar yana cika ne a 4,294,967,295, wato bayan kwana 49 da awa 17, daga nan sai ya koma sifili. Ni kuma na rubuta masa cewa ya jira sai agogo ya wuce lamba kaza sannan ya tayar da injin. Ruwa ya ja baya daf da cikar ƙirgar, agogo ya koma sifili, akwati ya zauna yana jiran lambar da ba za ta dawo ba sai bayan wasu kwana 49. A shago ban taɓa ganin haka ba, domin kullum da magariba kashe komai nake yi. A gona kuwa akwai batir, tun farkon Disamba bai runtsa ba. Layi ɗaya na gyara. Kawu ya yi asarar fure mai yawa, kuma har yau idan zancen ya taso sai ya yi tsaki.

Kada mai karatu ya ɗauka irin wannan tuntuɓen na ƙananan masu gyara ne kawai. Duk mai mitar kati a Kano da Katsina da Jigawa zai tuna yadda a 2024 aka yi ta shela cewa kowa ya shigar da wasu lambobi biyu masu alƙaluma ashirin-ashirin kafin 24 ga Nuwamba. Dalilin ɗan'uwan nawa ne. Tsarin katin yana ƙirga mintuna tun daga 1 ga Janairu 1993, ma'ajinsa kuma ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216. Ranar ya cika. Bambancin shi ne su sun san da zuwan ranar shekaru kafin ta zo, domin tsarin a rubuce yake.

To a nan maganata take. Na iya gyara akwatina ne domin asalin rubutun yana hannuna, kuma rubutun Arduino da na ɗora nawa a kai a buɗe yake, kowa na iya karantawa. Amma kusa da shi, a kan ƙarfe ɗaya, akwai kwantirolar da ta zo da sumon, wadda ta ninka nawa kuɗi nesa ba kusa ba. Ita kam rufaffiya ce. Na kwance ta, na tarar an kankare lambar da ke bayan aisinta don kada a san ko wane iri ne, an kuma kulle shi yadda ba za a iya karanto abin da ke ciki ba. Tana da ƙofar magana da wasu na'urori, kuma da yaren Modbus take magana, wanda yake a fili tun 1979. Sai dai takardar da za ta gaya maka lamba kaza ƙarfin wuta ce, lamba kaza gudun injin ce, babu ita a kwali. Wanda ya sayar a Kano ya ce shi ma haka ya karɓo. Mako uku na yi ina rufe faranti da buhu, ina buɗewa, ina kallon wace lamba ce ta motsa. Makaho da waiwaye, amma na gano goma sha ɗaya.

Ban da wannan, ga aisin jabu, wanda sunan da ke bayansa daban, halinsa daban, ka kwana kana zargin rubutunka alhali kayan ne. Ga zafin Afrilu da ke sa akwatin ƙarfe ya yi kamar tanda. Ga tururuwa. Ga nisa: akwai akwatina guda a wani ƙauye wajen Riruwai a Doguwa, inda sabis ɗin waya sai an hau tudu. Masu manhajar waya daga ɗakinsu suke tura gyara. Ni sai na ɗauki kwamfuta na bi ta Tudun Wada, na ratsa dajin Falgore, don in sauya layi ɗaya.

Duk da haka na ɗora rubutuna a intanet don kowa ya ɗauka. Ba zan yi ƙarya ba, na daɗe ina jan ƙafa. Mu masu sana'ar hannu an raine mu a kan ɓoye sirri, maigida ya kan juya wa yaronsa baya idan ya zo wurin da asirin aikin yake. Da na saki kuma sai na gamu da wata wahalar. Mutanenmu da sun ji an ce buɗaɗɗiyar manhaja, sai su ji kyauta, kuma a wurinsu mai kyautar ma kyauta ne. Wani ya haɗa wayoyinsa a juye, ya kira ni ƙarfe goma sha ɗayan dare yana faɗa. Wani ya kwafe, ya goge sunana, yana sayarwa. Wannan bai dame ni ba kamar yadda ya ƙi maido da gyaran da ya yi don wasu su amfana.

Ba mu kaɗai ba ne. A Maris 2024 aka gano an cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhaja da ɗimbin kwamfutocin Linux suka dogara da ita. Mutum guda, Lasse Collin, shi ne ya yi shekaru yana kula da ita ba albashi, har ya gaji, mugu ya shigo da sunan taimako. Amma akwai ɗaya gefen. A 2003 aka matsa wa Linksys ya saki rubutun da ke cikin na'urarsa ta raba intanet, WRT54G, domin da Linux ya gina ta, kuma lasisin GPL ya wajabta hakan. Daga nan aka haifi OpenWrt a 2004, wadda har yau take raya tsoffin na'urorin da masu ƙera su suka manta da su. A Amurka kuwa manoma sun yi shekaru suna rigima da John Deere kan ikon gyara taraktocin da suka saya da kuɗinsu, har hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar ƙasar ta maka kamfanin a kotu a Janairun 2025. Idan manomin Amurka, da dillali a garinsu, yana kuka, ina ga na Bebeji?

Na san abin da 'yan kasuwa za su ce: a buɗe, a kwafe mana, masu biyan sola kaɗan-kaɗan kuma su fasa makulli su daina biya. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyun ba ta da shi. Tsarin OpenPAYGO na karɓar kuɗin sola a buɗe yake, kowa na iya karanta yadda ake haɗa lambobinsa, amma kowace na'ura da nata makullin sirri. Sanin yadda ake ƙera kwaɗo bai ba ka mabuɗin ɗakin maƙwabci ba.

Ban ma nemi kowane kamfani ya saki komai ba. Roƙona ga masu sayen kaya da kuɗin jama'a ne: gwamnatin Kano, ƙananan hukumominmu, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da 'yan majalisar da ke raba injinan sola. Ku sa a takardar kwangila cewa ba za a biya ba sai an kawo takardun na'ura cikakku, da ma'anar kowace lamba, da hanyar sake ɗura manhajar idan aisi ya mutu. A ajiye kwafi a kwalejin fasaha ta Bagauda da jami'ar Wudil, inda yara za su iya taɓawa. Sannan a cikin kuɗin kowane injin a ware ɗan abin da za a biya mai kula da rubutun, kamar yadda ake biyan mai gadi. Wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga rijiyoyin burtsatse masu sola da suka tsaya, farantansu lafiya lau, tankinsu lafiya lau, ɗan akwati guda ne ya yi shiru ba mai iya tambayarsa.

Bana na sake kafa wa Kawu akwatin tun farkon rani. Bai yarda da ni ba, sai ya samo gawayi yana jan layi a bangon bukkarsa kowace safiya. Ranar da ya ja na hamsin ya kira ni, ina jin ƙarar ruwa a bayansa.

"Ɗana, ya ƙetare. Amma gawayina yana nan, zan ƙirga wani arba'in da taran."