Mai Karatu Ba Sarki Ba Ne a Wasiƙar Zuba Jari

Da shekara ta zo ƙarshe, masu fitar da wasiƙun zuba jari, wato 'yan takardun nan da ake turo wa mutum ta imel ko WhatsApp ana gaya masa hannun jarin da zai saya da wanda zai rabu da shi, sai su aiko da jerin tambayoyi. Me ya fi burge ka a bana? Wane kamfani kake so mu riƙa yawan magana a kai? Ba mu maki daga 1 zuwa 5. Bayan mako biyu a fito ana godiya, ana cewa kun yi magana kuma mun ji. Masu koyar da dabarun talla sun mai da wannan tamkar farilla: mai karatu sarki ne, tambaye shi abin da ransa ke so ka kawo masa. Ni kam ban yarda ba. A mujallar girke-girke ko ta ƙwallo babu laifi. Amma a takardar da mutum zai karanta ya ɗauki kuɗin sallamarsa na aikin shekara talatin ya zuba, wannan hanya ce ta lalata takardar da mai karanta ta gaba ɗaya, alhali kowa na murmushi.

Dalili kuwa shi ne, abin da mai zuba jari ke son ji a kullum shi ne labarin abin da ya riga ya tashi. Mu tuna 2007. Bayan gwamnan Babban Bankin Najeriya Charles Soludo ya tilasta wa bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankunan suka yi ta sayar wa jama'a hannun jari, farashi kuma ya yi ta hawa ba ƙaƙƙautawa. Malamin makaranta, direban tanka, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, kowa ya samu takardar shaidar hannun jari ya adana a ƙasan akwati. Wasu ma bankin ne ya ba su bashin da suka saya da shi. Da wani edita ya tambayi masu karatunsa a Janairun 2008 me suke so, amsa ɗaya zai samu: bankuna, kuma wanne ne zai ninka kafin babbar salla. A farkon Maris na shekarar ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000. Shekara na zagayowa ya gangaro wajen 20,000. A Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Bankin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Rubutun da mutane suke bukata a wancan Janairu shi ne wanda zai buɗe musu littafin bashin bankunan, ya ce a kula, ribar nan a kan bashi take zaune. Wannan rubutu ne zai ci maki 1, a kuma kira marubucinsa mai baƙin ciki.

Kada a ce jahilcin mutanenmu ne. A Amurka akwai ƙungiyar ƙananan masu zuba jari, AAII, da take tambayar 'ya'yanta duk mako tun 1987 ko suna ganin kasuwa za ta hau ko za ta sauka nan da wata shida. A makon farko na Maris 2009, kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ce sauka za ta yi. Ranar 9 ga watan kasuwar ta taɓa ƙasa, daga nan ta kama hawan da ya ɗauki fiye da shekara goma. Shi ya sa gwanayen kasuwa ke karanta wannan ƙuri'a a juye: in tsoro ya yi yawa su fara tunanin saye. To ra'ayin da masu sana'ar ke amfani da shi a matsayin alamar abin da za a kauce masa, shi ne ake cewa edita ya ɗora tsarin shekararsa a kai.

Abin da ya fi damuna ma ba mai karatun ba ne, marubucin ne. Wasiƙar zuba jari ba da ribar shawararta take rayuwa ba, da kuɗin sabunta rajista take rayuwa. Mutum ba ya sabunta rajistar da ke ɓata masa rai. Saboda haka tun kafin a tura takardar tambayoyi, akwai igiyar da ke jan marubuci zuwa ga faɗin abin da ake son ji; takardar tambayoyin ƙara ɗaure igiyar kawai take yi, ta kuma sa mata suna mai kyau, wai sauraron jama'a. Daga nan sana'ar ta koma ta maroƙi, wanda ke duban fuskar mai gida kafin ya san kirarin da zai ɗauko. An ma auna wannan. Tun 1963 wani kamfani mai suna Investors Intelligence yake ƙirga yawan marubutan wasiƙun Amurka masu cewa a saya da masu cewa a sayar. Abin da aka zata za a samu shi ne haskakawar ƙwararru. Abin da aka samu shi ne, su ma sukan taru a gefe guda daidai lokacin da kasuwa ke shirin juyawa, kamar dai waɗanda suke rubuta wa.

Sannan su wa ke amsa tambayoyin? Wanda ya ci riba yana cikin nishaɗi, da wanda ya fusata yana neman inda zai huce. Wanda ya bi shawara ya yi asara, kunya ta kama shi ya janye shiru, ba ya cikin lissafi, domin sunansa ma ya fita daga jerin waɗanda ake tura wa. Shi ne kuwa mai labarin da ya fi amfani. Gamsuwa a harkar kuɗi ba shaida ba ce ta komai. Da an tambayi 'yan MMM, tsarin damfarar nan mai alkawarin riba, a Nuwamban 2016 ko sun gamsu, da maki 5 za su zuba, har su haɗa da hoton saƙon banki. A Disamba aka rufe asusunsu. Haka 'yan CBEX, wani tsarin irinsa, suke ta yabo har zuwa Afrilun 2025 da aka wayi gari kuɗi ba ya fita. Ba ina cewa masu wasiƙu 'yan damfara ba ne. Ina cewa ma'aunin da ɗan damfara zai iya cinyewa da maki cikakke bai isa mai gaskiya ya kafa hujja da shi ba.

Na san abin da za a ce. Wannan girman kai ne, wa ya naɗa marubuci malami, ai da kuɗin mai karatu yake cin abinci. Gaskiya ne da kuɗinsa ake ci, kuma shi ya sa ya cancanci a saurare shi fiye da yadda ake yi yanzu. Matsalar tana wajen tambayar. Mai karatu bai san inda kasuwa za ta ba, marubucin ma bai sani ba, amma ya san halin da shi kansa yake ciki, abin da marubuci ba zai taɓa sani ba sai an gaya masa. Edita da ke zaune a Legas ba zai gane cewa mutum a Gusau ko Azare, kafin ya tambayi ribar kamfani, tambayarsa ta farko ita ce ko halal ne. Shin kamfanin giya ne, ko bankin da ke cin kuɗin ruwa? Akwai ma'aunin kamfanonin da suka dace da shari'a a kasuwar Legas tun 2012, gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a 2017 da naira biliyan 100, amma wasiƙu nawa ne suka zauna suka warware wa mai karatu yadda ake tacewar? Wannan tambaya ce da sai daga bakin mai karatu za ta fito.

Ga kuma wanda mahaifinsa ya rasu ya bar takardun hannun jari na shekarun 1990 a cikin jaka. An rubuta Mohammed a takarda, a BVN kuma Muhammad, adireshin akwatin gidan waya ne da aka daina biya tuntuni, shi kuma bai taɓa jin sunan CSCS, ma'ajiyar hannun jari ta kasuwar, ba balle ya san ofishin magatakardan kamfanin. Irin wannan ne ya sa hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta ce a 2023 ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Shafi ɗaya da zai nuna wa magada takardun da za su haɗa ya fi hasashe goma amfani, amma ba za ka same shi da tambayar me ya fi burge ka ba. Sai ka tambayi mutum a ina ya maƙale. Wace kalma ce a fitowar makon jiya ba ka gane ba? Da muka ce a saya, ka saya, kuma nawa ne daga cikin abin da ka mallaka ka zuba? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi: marubuci zai ce a sa ɗan kaɗan, mai karatu ya ji a sayar da fili. In ba a tambaya ba, ba za a san cewa jumlar da aka rubuta da wadda aka karanta sun bambanta ba. Sai kuma waɗanda suka tafi, a bi su ɗaya bayan ɗaya a ji dalili, ko da amsar ba ta da daɗi.

Game da ko wasiƙar na da kyau ko ba ta da shi, wannan ba aikin ƙuri'a ba ne, aikin lissafi ne. A 1933 wani masanin tattalin arziki, Alfred Cowles, ya bi diddigin hasashen wasiƙu da jaridun kuɗi na Amurka na shekarun 1928 zuwa 1932, ya tarar a dunƙule ba su fi wanda ya yi canki-canka ba. A 1980 Mark Hulbert ya fara abin da marubutan ba su so: ya riƙa karɓar wasiƙunsu, yana rubuta kowace shawara da ranarta da farashinta, yana buga sakamakon. Shekaru fiye da talatin yana yi, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka wuce ma'aunin kasuwa a dogon zango. Da yawansu kuwa suna da wasiƙun yabo daga masu karatu da suke bugawa a tallarsu.

A nan gida lissafin ma ya fi tsanani. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wasiƙar da ta ba da shawarar da ta kawo ribar kashi 20 a shekarar, masu karatunta sun ga lambobi sun ƙaru a waya sun yi murna, alhali abin da kuɗin zai saya a kasuwa raguwa ya yi. Ba wanda zai rubuta wannan a gurbin ƙorafi, domin bai ji zafin a nan ba, a wajen mai shinkafa ya ji shi.

Don haka wanda duk ke karɓar kuɗin mutane yana ba su shawara, ya ajiye takardar makin nan, ya buga jadawali sau ɗaya a shekara: ga abin da muka ce a saya, ga ranar, ga farashin ranar, ga farashin yau, an cire kuɗin dillali, an jera shi kusa da ma'aunin kasuwa da ribar takardun lamunin gwamnati da hauhawar farashi. Har da waɗanda suka faɗi, ba waɗanda suka tashi kaɗai ba. Wasu masu rajista za su gudu ranar da aka buga shi, wannan babu makawa, kuma ina zargin tsoron gudun nan ne ya sa aka fi son tambayar mutane launin da suke so a sa wa kanun labari.