Zancen Sinima: Tsada Ba Ita Ce Fim Ba

Jama'a, kada tsadar fim ta ruɗe mu. Ku dubi Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960: ko launi babu, amma fargaba ba ta barin mai kallo ya ƙifta ido. Aibinsa, in asiri ya tonu, kallo na biyu lami ne. Superman na 1978 kuwa ya ci dukiya, ya ƙayatar, sai dai wa zai ji wa jarumin da harsashi ba ya hudawa tsoro? A nan gida, marigayi Ibro ya ba mu dariya da ɗan jari ƙalilan domin halinmu yake nunawa, ko da yake maimaici kan rage armashi. Masu shirya fim, a gyara labari tukuna, kana a nemi kuɗi.