Baƙin ɗan mussa ba mugun abu ba ne

A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Runji, mussa ce ke tsare rumbu daga ɓarnar kusu. Amma in ta haifi baƙin ɗa, wasu sai su yar da shi daji, wai mugun abu ne. Wannan kuskure ne.

Ga mussa mai zane, ga muzuru mai zane, ga ɗansu baƙi ƙirin. Ina ya samo baƙin? Kowane ɗa yana gadon ƙwayoyin launi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar zane ta fi ƙarfi, tana rufe ta baƙi. Baƙi ba ya fitowa sai in ƙwayoyin nan biyu duk na baƙi ne. Ke nan uwa da uba kowa yana ɗauke da ƙwayar baƙi a ɓoye. Iyaye irin waɗannan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƴaƴansu baƙaƙe ne. Wani masani, Mendel, ya bayyana wannan ƙa'ida a 1865, bayan ya yi gwaji da wani irin wake.

Ashe ɗan nan iyayensa ya gada. A bar shi ya girma ya tsare hatsi, don baƙar mussa ma tana kama kusu.