Lissafin Ƙarshen Shekara: Wane Abin Sha Ne Ya Ciri Tuta a Tasawa da Mayahi?



A ƙasashen Turai da Amurka, idan shekara ta zo ƙarewa, jaridu sukan keɓe shafi guda su jera irin giyar da ƙananan masu sana'a suka dafa a cikin shekarar, su ce wannan ta fi wancan, su kuma faɗi garin da aka yi ta da hannun da ya yi ta. Wannan al'ada tana da tarihi. A wajejen 1978 gidajen dafa giya a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, domin manyan kamfanoni sun haɗiye ƙanana. A wannan shekarar ne shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa tasa a gida, kuma kafin 2022 gidajen sun haura 9,000, mafi yawansu ƙanana.

A Tasawa da Mayahi, inda kusan kowa Musulmi ne, giya ba abin da ake gasa a kansa ba ce. Amma ɗan kasuwa mai hankali zai ga darasi a wancan labari: ƙaramin mai sana'a yana iya ƙwace ciniki daga hannun babban kamfani, muddin ya kyautata aikinsa, ya kuma tsare sunan garinsu. To, ƙasar nan ma tana da abin sha na aikin hannu, wanda ake dakawa a turmi, a tace da rariya, a dama a ƙwarya, kuma dubban mata ne suke riƙe gidajensu da shi. Saboda haka wannan fili ya bi bakin waɗanda suka fi kowa sanin zancen: masu bin kasuwannin mako, direbobi da kamasho, malaman lakkwal da na asibiti, da jami'an gona da na dabbobi, waɗanda aiki yake kai su Maijirgi, Korgom da Urafan, ko Kananbakashe, Cake da Sarkin Hausa. Ma'auninsu uku ne: daɗi a baki, riƙe ciki, da kwana lafiya bayan an sha.

Na biyar: kunun gyaɗa

Wannan abin shan hunturu ne, lokacin da iskar arewa take tsaga leɓe, ma'aikaci yana fita da rigar sanyi. Ana niƙa gyaɗa a tace madararta, a tafasa, a ɗaure da garin gero ko shinkafa, a ɗiga ruwan tsamiya. Wanda ya amsa sunansa shi ne wanda ba a matse man gyaɗar ba tukuna. Dattawa suna shansa da tuna baya, zamanin da wannan yanki yake cikin zuciyar ƙasar gyaɗa, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye buhu a kan buhu, kafin farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 su karya wannan ciniki. Abin da ya mayar da shi baya a jeri shi ne tsada, don gyaɗar da ta shiga kunu ita ce mai ƙuli-ƙuli take nema.

Na huɗu: ruwan goriba

Mutanen Mayahi ba su yarda a bar shi a baya ba, kuma suna da hujja. Kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasarsu, daga kaba ya samo sunansa. Ganyen yana zama tabarma da igiya da faifai, 'ya'yan kuwa ana kankare bayansu a daka, a jiƙa garin, a tace. Yana da ƙamshi kamar na alewa, ga zaƙinsa na kansa, ba ya neman sukari da yawa. Sai dai duk mai sha ya sani cewa goribar da aka sare don azara, ko kabar da aka yanke tun tana ƙasa, ba za ta ba da 'ya'ya ba. Aikin barin tohon itace a gona, wanda ake kira sassaben zamani, da ya soma yaɗuwa a jahar Maraɗi daga 1983, shi ne ya maido da itatuwa da yawa a wannan yanki, kuma makomar wannan abin sha tana ɗaure da shi.

Na uku: zoɓo da lamurje

An haɗa su wuri guda domin tare suke zuwa, a bokiti ɗaya, a kan yarinya ɗaya. A 2024 da 2025 azumi ya kama watan Maris, farkon zafin bazara, sai ga shi duk wanda ya kai azuminsa zuwa magariba idonsa yana kan jan ruwan nan. Zoɓon kirki ana jiƙa shi ne ko a tafasa shi kaɗan da citta da kanumfari; idan ya daɗe a wuta sai ya yi bauri. Lamurje kuwa tsamiya ce da citta da ɗan yaji, mai kankare maƙogwaro. Manomi ba ya asarar komai a yakuwa: ganye na miya, fure na zoɓo, iri kuma na daddawar batso. Raunin waɗannan biyu shi ne sun dogara da ƙanƙara, ƙanƙara kuma ta dogara da wuta. Wutar Maraɗi da Damagaram tana shigowa ne daga Katsina ta layin Gazawa, kuma jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, firiji ya koma akwatin ajiye kwanoni, mata masu wannan sana'a suka yi ta cinye jarinsu har zuwa farkon 2024.

Na biyu: kunun aya

A nan ne aka fi yin gardama, domin matasan ma'aikata sun so a ba shi kambin gaba ɗaya. Jahar Maraɗi ita ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, tun daga Agye da Cadawa har zuwa gonakin Mayahi da Gazawa. Ana jiƙa aya ta kwana, a wanke yashinta sarai, a niƙa da dabino da kwakwa da ɗan kanumfari, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ya fito fari tas kamar madara, ba ya nauyi a ciki. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, mutanen Balansiya ta ƙasar Sipaniya suna da irinsa, suna kiransa horchata, suna sayar da shi a shaguna na musamman, kuma ayar da suke nomawa ba ta isarsu, sai sun sayo daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Wato buhun da aka auna da tiya a kasuwar ƙauye yana iya ƙarewa a kofin Bature da tsada mai yawa, ribar tacewa da zubawa a kwalba ta zauna can. Aibinsa guda ne: ba ya jure zafi. Wanda aka yi da safe, in babu sanyi, kafin la'asar ya juya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai saye da yamma ya sansana kafin ya kurɓa.

Na ɗaya: fura da nono

Ba a yi mamaki ba. Fura, ko hura kamar yadda bakin mutanen yankin yake faɗa, ita ce abincin rana na manomi, guzurin matafiyi, da abin tarbar baƙo. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya ambace ta a littafin tafiyarsa, kuma yadda ake yinta bai sake ba: a surfe gero, a wanke, a daka da citta da masoro da kanumfari, a cura, a dafa dawon a tafasasshen ruwa, a mayar turmi a kirɓa har ya yi danƙo, a sake curawa, a barbaɗe da gari. Masana sun haɗu a kan cewa wadda ta fi duka a shekara ita ce ta farkon kaka, sa'ad da sabon gero ya shigo gida, shanu kuma ba su rabu da ɗanyar ciyawa ba, nono yana da kauri da maiƙo. Sun ce geron zango na gargajiya ya fi ƙamshi, ko da yake irin HKP, da cibiyar binciken gona ta INRAN take yaɗawa, ya fi shi saurin nuna a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. A gidajen da babu saniya, jar akuyar Maraɗi, wadda ƙasar Tasawa take cikin tushenta, ita ce take ba da nonon damu. Ƙanenta tukuɗi, mai dabino da cuku, wanda Buzaye suke riƙewa a doguwar tafiya, shi ma ya sami yabo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2023 suna shekarar gero ta duniya; matan Tasawa da Mayahi sun riga ta sanin darajarsa da ɗaruruwan shekaru.

Zancen burkutu

Lissafin ba zai cika ba idan aka ɓoye cewa ƙasar nan ta san giyar aikin hannu. Anna, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda masani Guy Nicolas ya yi rubutu a kansu a 1975, suna dafa burkutu don bukukuwansu da aikin gayya: a jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta kwana ta tashi. Yaɗuwar Musulunci a karkara ya rage ta ƙwarai. Ta kwalba ma ba ta tsira ba, domin kamfanin Braniger na Yamai, mai yin Bière Niger wadda ake yi wa laƙabi da Conjoncture, ya rufe a 2019. Abin da ya fi damun iyaye da malaman asibiti shi ne ƙwayoyi irin su taramol, da suka shiga hannun samari 'yan kabu-kabu da leburori. Wannan zance ne na wani mako.

Inda gizo yake saƙa

Yabon gwani ya zama dole, amma waɗanda suka yi yabon su ne kuma suka kawo kuka. Na farko, algus. Ana samun nonon da aka tsinka da ruwa, aka ɗaure da garin kuka don ya yi kauri da tsami, ana kuma samun madarar gari da aka kwaɓa aka kira ta kindirmo. Ana samun zoɓon da launinsa da ƙamshinsa daga ɗan ƙunshin garin kanti suka fito. Mai yin haka tana da nata uzurin: mai saye yana son ledar dala biyar kamar yadda ya saba, alhali sukari da gero sun tashi. Araha ba ta ado.

Na biyu, ruwa. Cutar amai da gudawa ta afka wa jahar Maraɗi a 2018, ta sake dawowa a 2021. Fura da zoɓo da kunun aya ba a sake dafa su bayan an zuba ruwan ƙarshe, don haka duk abin da yake cikin ruwan rijiya ko na ƙanƙara, cikin mai sha zai tafi. Haka nan gorar roba da aka tsinto a tasha aka ɗauraye da ruwa ɗaya, da ledar da ake hura wa iska da baki kafin a zuba.

Na uku, ledar kanta. Dokar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana shigo da ita da sayar da ita, amma duk wanda ya ga filin kasuwa bayan an watse ya san inda dokar ta tsaya. Akuyar da ta haɗiye leda ta rame ta mutu ita ce dai wadda ake jiran nononta.

Abin da ya rage ga kowa

Tsofaffin 'yan kasuwa suna tuna ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka kuɗi dare ɗaya. A lokacin ma'aikaci da albashinsa ya makale watanni ya koma ga ƙwaryar fura, ita ce ta rufa masa asiri. Abin da ya yi rana a ranar wuya bai kamata a wulaƙanta shi a ranar daɗi ba.

Ga magadan gari da jami'an tsabta: harajin kasuwa da ake karɓa hannun waɗannan mata ya kamata ya dawo musu a matsayin famfo da rumfa mai inuwa, tare da koyar da tsabta kafin a kai ga tara. Ga alhazai masu jari: firiji mai aiki da hasken rana, da injin niƙa, da kwalba mai murfi da sunan gari a jikinta, sun fi ƙarfin mace guda, amma ba su fi ƙarfin ƙungiyar mata da ɗan kasuwa ɗaya mai hangen nesa ba. Ga shugabannin ma'aikatu: a taron da ake kashe kuɗin gwamnati a kan lemun kwalba da aka ɗauko daga ƙetaren iyaka, babu dokar da ta hana a aje zoɓo da kunun aya na garin da ake taron. Ga mai saye kuma: wadda ta tafasa ruwanta, ta rufe ƙwaryarta, ta ƙi yin algus, ta cancanci a ƙara mata dala biyar ba tare da ciniki ba, domin in ba a biya gaskiya ba, gobe ba za a same ta a kasuwa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa badi a sake wannan lissafi cikin lafiya da kwanciyar hankali. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.