A auna malami, a auna wanda ya ɗauke shi

A watan Yuli na 2017, ma'aikatar ilimin firamare, a ƙarƙashin minista Dauda Mamadu Marte, ta zaunar da malamai ƴan kwantaragi na ƙasa baki ɗaya, har da na jihar Maraɗi, ta yi musu jarrabawar Faransanci da lissafi. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai rabin maki. Aka soke kwantaragin waɗansu, aka tura waɗansu ƙaro horo, ƙungiyoyin ƙwadago kuwa suka ce ba su yarda ba.

Babu mai musun cewa duk wanda ke karɓar albashi daga baitulmali wajibi ne a auna aikinsa. Alhajin da ke da kanti a babbar kasuwar Maraɗi ba ya barin yaronsa shekara guda babu lissafi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukuma ta shiga ɗaukar malamai ƴan sa-kai a kan kuɗi kaɗan, da yawansu ba su taɓa taka makarantar horar da malamai irin ta Bawa Jangwarzo da ke Maraɗi ba. Wanda ya miƙa wa mutum alli babu horo, shi ne farkon wanda ya faɗi jarrabawar.

Bayan haka, jarrabawa tana nuna abin da malami ya sani, ba ta nuna abin da yaro ya ɗauka. Ma'aunin gaskiya yana cikin lakwal. A Tibiri ko Jiratawa, yara nawa ne ke iya karatu a ajin ƙarshe? Kwana nawa aji ya buɗe a shekara? Yaushe rabon mai duba makarantu da zuwa? Shin taron ƙara wa juna sani na CAPED yana zama?

Inda lakwal guda ta gaza gaba ɗaya, a kai malamanta horo tare da darektansu. Inda mutum ɗaya ne ya raunana, abokan aikinsa sun isa su tallafe shi. A bayyana ƙa'idojin tun kafin awo, a kafa sakamako inda iyaye za su gani, kada katin jam'iyya ya ceci wani ko ya kayar da wani.

Mai hali yana iya kai ɗansa lakwal mai zaman kanta. Ɗan talaka ba shi da wani aji sai wannan, shi ne kuma ke biyan kuɗin kowane awo na son zuciya.