Waiwaye: Daga Ƙurar Zamfara Zuwa Bolar Gbalahi

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Yaro ya fara amai, sai jijjiga, sai suma. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magani ba sauƙi. Da aka auna jini sai ga gubar dalma. Maza na haƙo dutsen zinariya su kawo gida, mata su daka a turmi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. A Dareta, Yargalma, Abare, Bagega da maƙwabtansu, yara sama da 400 suka rasu, da yawa cikin waɗanda suka tsira kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. A 2015 abin ya maimaitu a Rafi ta jihar Neja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya tsorata da ƙurar sai da kaburbura suka yawaita.

Yanzu masana na sa ido kan wata farar hoda, titaniyom dayoksayid. Ita ke sa fenti, man goge baki, alewa, cingam da ƙwayar magani su yi fari tas. A jikin kwalin abinci ana rubuta ta E171. Wasu ɓurɓushinta sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashi. A gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye, waɗanda aka zuba musu ita ta hanci, an ga ta bi jijiyar jin ƙamshi ta isa ƙwaƙwalwa, ta taru a sashen da ke riƙe tunawa, ta jawo kumburi. Faransa ta dakatar da ita a abinci a 2020. A 2021 hukumar kula da abinci ta Turai ta ce ba za ta ƙara kiranta marar haɗari ba, saboda zargin lalata ƙwayoyin gado, a 2022 Tarayyar Turai ta haramta. Amurka da Ingila ba su hana ba. Ba ta kai dalma muni ba, amma Tarayyar Turai ba ta jira gawa ba.

Shi ya sa hankalina ke komawa Gbalahi, inda motocin shara ke juye abin da birnin Tamale ya zubar. Gwangwanin fenti, fararen robobi, tsofaffin batura masu dalma, duk wuri ɗaya suke haɗuwa. In wuta ta kama bolar da rani, hayaƙin na shiga hancin masu tsintar ƙarfe da kwalabe, wasunsu mata ne da yara.

A Zamfara, wasu daga cikin abubuwan da suka rage mutuwa ba masu tsada ba ne: fitar da daka daga cikin gida, jiƙa dutse kafin niƙa, wanka da sauya kaya kafin a ɗauki yaro. Masu tsinta a Gbalahi na buƙatar ruwa da sabulu a bakin bolar, da takunkumi, a hana kunna wuta, hukumar lafiya kuma ta auna jinin 'ya'yansu tun suna gudu da ƙafafunsu.